Daga Bauchi zuwa Serti ni kaɗai: yadda za ka haɗa zumunci da yawon daji a tafiya guda

Ranar da na ce wa Hajiyarmu zan ɗauki hutun shekara in ja mota ni kaɗai in zaga dangi har Taraba, in kuma leƙa dazuzzukan namun daji a hanya, ba ta tanka ba sai da ta kai ƙarshen carbinta. Sannan ta ɗago ta ce, "Dangin dai na gane. Su birai kuma bashin me kake bin su?" Duk da haka ta sa mini albarka, ta lissafo gidaje bakwai, ta ce in na kuskura na tsallake ɗaya kada in dawo mata. Kwana 11 na yi a watan Fabrairu cikin tsohuwar Corolla ta: Yankari, Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, Serti, sannan na juyo gida. Tun da na dawo abokan aiki ke ta tambayata yadda aka yi, to ga shi na rubuta, har da wuraren da na yi wauta.

Fara da zaɓen wata. In dabbobi kake son gani, rani ne lokacinka, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Da damina ciyawa takan fi mutum tsayi, ga ruwa a kowane kwari, ɓauna ba ta da abin da zai fito da ita fili. Da rani kuwa ƙishirwa ce ke koro su bakin kogi, kai kana zaune a mota kana kallo. An fi ganin su a Maris da Afrilu, amma wanda ya san zafin Numan a Afrilu ba zai yi wa kansa wannan mugunta ba. Fabrairu ta fi mini, sanyi ya fara janyewa, zafi bai kankama ba. Ka dai kula da hazo da sassafe, don wata rana sai tirela ta zo gab da kai kafin ka ga fitilarta. Ka kuma kauce wa satin Sallah da na ƙarshen shekara, lokacin da ɗakunan Yankari ke cika.

Motar ka kai ta gareji mako guda kafin tafiya, kada ka bari sai ana gobe. Duk abin da bakanike ya taɓa yana bukatar yawon kwana biyu ko uku a cikin gari kafin ka san ko ya zauna. A yi juyen baƙin mai, a duba birki, fambel, lagireto da batir. Tayoyi kuwa da idonka za ka duba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3521, an ƙera ta a mako na 35 na 2021. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ba taya daga ranar ƙira, kuma kwaltar rana tsaka babu ruwanta da cewa tayarka tana da sauran zane. Abin da ya fi wannan muhimmanci, ka cire taya ka mayar da hannunka a ƙofar gida, ko sau ɗaya ne. A nan ne na gano jak ɗina ba shi da mariƙi, shekara uku ina yawo da shi a but ban sani ba. Ka tanadi safaya mai iska, sifana, igiyar jan mota, wayar tayar da batir, tocila, na'urar kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, da jarka biyu ta ruwa, ɗaya taka ɗaya ta lagireto. Lasisi, inshora da takardun mota su zauna a leda guda a inda hannu zai kai ba sai ka fito ba.

Mai shi ne uban kashe kuɗi tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Lissafin ba wuya: motata tana cin lita ɗaya a kusan kilomita 12 in na hau babbar hanya, malejina kuma ya nuna kusan kilomita 1,700 da na dawo, ka ga wajen lita 140 ke nan. Yi naka lissafin da farashin ranar, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda yawon cikin gari da ɓatan hanya. Doka ɗaya na kafa wa kaina, in tanki ya kai rabi to a wurina babu mai. Sau ɗaya na karya ta, tsakanin Bali da Serti, na sha na 'yan bumburutu a bakin hanya, motar kuwa ta yi ta tari kamar mai mura har sai da aka wanke mata fulogi. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don ba kowane gari sabis ke barin mai POS ya yi aiki ba. Layin waya biyu na kamfani daban-daban, ka kuma sauke taswirar Google a wayar tun kana gida.

Abin da ya fi kowane rami cin lokaci a irin wannan tafiya shi ne gidan dangi, shi ya sa na fara da daji. In ka fara shiga hannun 'yan uwa, kwanakinka sun zama nasu, ka dawo gida ba ka ga ko gafiya ba.

Yankari daga Bauchi kilomita ɗari da 'yan kai ne. Ka ɗauki hanyar Gombe, ka wuce Kangere, a Dindima ka karya dama, ka miƙe har ƙofar Mainamaji inda ake biyan kuɗin shiga a rubuta sunanka da lambar mota. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran kimanin kilomita 40 a cikin daji, don haka ka cika tanki tun daga Bauchi, ka kuma isa da sauran rana. A wannan tsakanin kada ka taka totur, don mugun dawa da 'ya'yanta kan faɗo titi jela a sama ba sallama. Mutane da yawa har yau suna kiran wurin gandun tarayya. Gaskiyar lamarin, an kafa shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan a 2006 ya dawo hannun jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Ka buga waya ka kama ɗaki kafin ka taso, ka kuma tambayi farashin komai a lokacin, har da na shiga da kyamara.

Ba a shiga dajin sai da ɗan rakiya, kuma fita biyu ake yi, ta safe da ta yamma. A nan mai tafiya shi kaɗai yake shan tsada, don in kai ɗaya ne kuɗin motar zagaye duka a kanka yake. Dabarar ita ce da daddare a wurin cin abinci ka nemi iyali ko ɗalibai da za su fita da safe, ka yi sallama, ka ce a haɗa kuɗi. Ni wasu ɗalibai na bi, suka yi ta ce mini Baba, ni da ban rufe hamsin ba. Mun ga gwambaza, mazo, gwanki biyu daga nesa, garken ɓauna, da kada yana shan hantsi a bakin Gaji. Giwa kuwa kashinta kawai na gani, sabo, da rassan da ta kakkarya. Yankari na cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a ƙasar nan, amma ba a ɗaure suke ba, ganinsu rabo ne. In kana son ƙara wa kanka dama, kwana biyu za ka yi, ka fita sau uku. Sa riga mai dogon hannu, kada ta zama baƙa ko shuɗiya, don su ne kalar da tsando ke bi, cizonsa kuma har ta cikin riga yake ratsawa. Ka roƙi ɗan rakiyar ya biya da ku kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey, ka ga shaidar cewa mutane sun zauna a dajin nan tun kafin ya zama na dabbobi zalla. Akwai kuma ɗan gidan tarihi a sansanin, da haure da fatu da tarkunan da aka ƙwace hannun mafarauta.

Ruwan Wikki shi ne abin da ban iya kwatanta wa Hajiya ba. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan yashi, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, saboda haka in ba ka iya iyo ba ka tsaya inda ruwa ke iya ƙugu, kuma kada ka shiga kai kaɗai da dare tunda babu wanda ya zo da kai balle ya lura ba ka fito ba. Sai maganar gogo. Birai ne masu gari a sansanin, sun san leda, sun san but, sun san ƙofar da ba a murɗa wa makulli ba. Na buɗe but in ɗauki tawul, na juya in amsa gaisuwa, kafin in waigo wani ƙato ya yi sama da ƙullin kilishin da na saya wa Kawu. A kan rufin ɗaki ya zauna ya ci a gabana. Kulle mota, kulle ɗaki, kada ka riƙe abinci a hannu kana tafiya, kada kuma ka ba su komai.

In raƙumin dawa da jakin dawa kake marmari, ba Yankari za ka nufa ba, Sumu za ka je, kusa da Kafin Madaki a hanyar Ningi, inda aka zuba dabbobin da ƙasar Namibiya ta bayar a 2006. Wannan yawon wuni guda ne daga Bauchi, ka ware masa wata Asabar daban, ka haɗa da ganin tsohon gidan Madaki da Babban Gwani ya gina.

Yanzu dangi. Kafin ka taso, zauna da tsohuwarka ko babbar yayarka da biro da takarda. A kowane gari a faɗa maka wa ya rasu tun rabonka da wurin, wa ya haihu, wa ya aurar, wa ke kwance. Wannan takarda ta fi taswira amfani. Babu kunyar da ta kai ka shiga gida kana washe baki kana tambayar mutumin da aka yi arba'in ɗinsa bara. Ta'aziyya ake fara yi, ko ta shekara biyu ce, sannan barka, sannan hira. A tsara maka gidajen bisa girma, don a Gombe kafin ka kashe mota labari ya zaga cewa ka iso, kuma kowa zai san gidan da ka fara shiga. Masauki ɗaya za ka zaɓa a gari, gidan wanda ya fi kowa girma, yadda babu mai cewa an raina shi.

Kada ka sanar da kowa da kowa ranar isowarka. Mutum ɗaya a kowane gari ya isa, shi ma ka ce masa "in Allah ya yarda ranar Juma'a", ba tare da sa'a ba. In ka faɗi sa'a za a yanka kaza a zauna jira, taya kuma ba ta san an yanka kaza ba.

Tsaraba ka raba ta tun daga gida, kowane gida da ledarsa da suna a jiki: sabulu, sukari, ganyen shayi, dabino, turare, goro ga masu ci, alewa ta yara, turmin atamfa ga wadda ta cancanta. Ledar gidan da za ka shiga kaɗai za ka ɗauko, kada ka buɗe but a gaban jama'a, don ido yana auna ledar wani. Ka canzo sababbin ƙananan kuɗi na yara da tsofaffi. Abinci kuwa, gida huɗu na shiga a wuni ɗaya a Gombe, kowanne da kwanonsa. Ƙi ci laifi ne, cinyewa kuma azaba. Ka yi loma uku zuwa biyar, ka yaba miyar da gaske, ka sha fura kaɗan, ka ce akwai sauran gidaje. Kowa ya san wannan uzurin, ana karɓarsa.

Wurin da za a gwada ka shi ne sallama. Da na ce wa Goggo gobe zan wuce, sai ta ajiye muciya ta ce, "Kai ɗan nan, shekara shida rabonka da gidan nan, ka ce gobe? Wuta ka zo ɗiba?" Abin da ya cece ni shi ne ina da ranar da aka ajiye mini a gaba. Na ce, "Goggo, ki yi mini aikin gafara, an riga an tsayar mini da ɗan rakiya ranar Talata a Serti. A dawowa ta nan zan biyo, kwana biyu zan yi miki." Saboda haka ka tsayar da ranar daji ta gaba tun kafin ka shiga gari, kuma alkawarin dawowar ka sa shi cikin lissafin kwanakinka don ka cika. Haka za ka yi da saƙo. Za a ba ka buhun masara, za a ba ka kaji, za a ce ga yaro ka sauke shi makaranta a Kumo. Amsa ɗaya ce, "a dawowa". Kaza ba za ta yi kwana biyar a but ba, yaro kuma amana ce da za ta sauya maka tafiyar gaba ɗaya.

Abokai nasu daban. Ba ruwansu da gidan da ka fara shiga, amma za su riƙe ka da hira. Abokina na Jalingo, wanda muka yi makaranta tare, sai ƙarfe biyun dare muka rabu da labarin malaman da suka kora mu daga aji, washegari kuma ga doguwar hanya. Na gane kurena wajen hantsi. Irin wannan hirar ka ajiye ta daren da gobensa ba tuƙi.

Tuƙin kansa ƙa'idarsa gajera ce. Shida da rabi na safe ina kan hanya, la'asar ta same ni inda zan kwana. Kafin in bar kowane gari nakan biya tasha in tambayi direbobin da suka shigo da safen nan yadda hanya take, ramuka da gada da tsaro duka, don yanayin tsaro yana sauyawa kuma su ne ke da labarin yau. In sun ce a dakata, ka dakata. Ƙanena na ɗora wa aikin bibiya: kowane babban gari na shiga sai na kira shi, ya kuma san in awa uku ta wuce bai ji ni ba wa zai nema. A shingen bincike rage gudu tun daga nesa, kashe rediyo, sauke gilashi, ka riga yin gaisuwa. Za a tambaye ka, "Kai kaɗai?" Ka ce, "Ni kaɗai, Yallaɓai, zumunci za ni Jalingo." Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto. Kada ka rage wa kowa hanya, komai tausayin da ya ba ka. Barci kuwa bayan azahar yake kawo farmaki, musamman in an ɗura maka tuwo. Goro da shayi jinkiri kawai suke yi. Da ka ji ido ya yi nauyi, nemi masallaci ko gidan mai a cikin gari, ka kulle mota ka runtsa minti ashirin. Ga sauƙin da addini ya yi maka kuma: tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ana kasaru, azahar da la'asar da isha raka'a bibbiyu, sai in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ko ka bi limamin garin. Ka ƙara tambayar malaminka kafin ka tashi.

Daga Gombe hanyar Yola za ka bi, Kumo, Billiri, Kaltungo. In kana da rabin wuni ka hau Tula ka sha iska. A yankin nan in za ka shiga ciyawa, ko don kama ruwa ne, sa takalmi rufaffe ka duba inda kake takawa. Ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba, ƙasar kububuwa ce. A Numan, inda Gongola ke zuba cikin Binuwai, za ka haye gada, ka bar hanyar Yola ka nufi Jalingo. Daga nan sai Bali, sai Serti, wuni guda cur, kada ka haɗa shi da komai.

Gashaka-Gumti shi ne gandun tarayya mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru, kuma a cikinsa dutsen da ya fi kowanne tsayi a ƙasar nan yake, Chappal Waddi, mita 2,419. Ofishinsa yana Serti, nan za ka karɓi izini a haɗa ka da jami'in daji. Corolla a nan aikinta ya ƙare. Na bar ta a gidan wani ɗan uwan abokina, na hau motar da ke iya duwatsu da rafi. Kada ka zo da tunanin Yankari, inda kake zaune dabba ta zo ta same ka. Nan ƙafa ce ke aiki, hawa da gangara, kurmi mai duhu da rafuka masu sanyi. Ka zo da takalmin da ka riga ka saba da shi, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi. Na ga dorina a kogin Kam, na ga wani biri baƙi da fari mai doguwar jela yana tsalle daga reshe zuwa reshe. Akwai cimfanzi, manyan biran nan marasa jela, a dajin, amma su da ƙwanƙolin dutsen duk tafiyar kwanaki ce a ƙasa, ba ta mai kwana biyu ba. Daga Serti ne kuma hanya ke hawa Mambila zuwa Gembu. Na tsaya na kalle ta, na tuna alkawarin Goggo, na juya. 'Yar Fulatanci tana taimako a wannan ɓangaren, ko da "A waali jam?" (ina kwana) ce da "Useko" (na gode).

A dawowa ne mota ke nauyi, don duk "a dawowa" da ka faɗa tana nan tana jiran ka. Ka ƙara wa tayoyin baya iska, ka kuma bar kwana ɗaya tsakanin isowarka da komawa aiki, wanda za ka mayar da motar gareji ka rarraba saƙonni. Da ka shiga gida, kafin wanka, ɗauki takardar nan ta Hajiya ka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da waya ka ce ka sauka lafiya, daga babba zuwa ƙarami. Ni da Goggo na fara. Ko gajiya ba ta tambaye ni ba, sai cewa ta yi in kwance wa kajin ƙafa in ba su ruwa.